Ya ce mini da namiji yake kwana, sai na rasa abin tambaya

"Assalamu alaikum Dakta. Ni ɗalibin likita ne, ina shekara ta shida a Garwa. Makon jiya ina aikin dare wani saurayi ya zo da ciwo a dubura da zubar mugunya. Ina cikin yi masa tambayoyi sai ya sunkuyar da kai ya ce mini da namiji yake kwana. Wallahi Dakta kaina ya ɗaure. Na rasa abin cewa, na rubuta masa maganin basir na sallame shi. Tun ranar abin yake damuna. Ba a taɓa koya mana yadda ake duba irin waɗannan mutane ba, ga addini, ga dokar ƙasa, ga tsoron kada abokan aiki su ce ni ma ɗan hannu ne. Na tambayi abokaina, kusan kowa ya ce shi ma haka zai yi. Yaya mutum zai samu ƙarfin gwiwar duba su ba tare da ya saɓa wa Allah ko ya jefa kansa a rigima ba?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi maka albarka da ka faɗi abin da ka yi ba kwana-kwana. Da yawa cikinmu mun taɓa rubuta irin wannan takardar magani, sai dai ba kowa ne abin yake bi har kan katifa ba. Tambayarka, yadda na ji ta, ita ce: mutum ya zauna gabanka da cuta a jiki, ya buɗe maka wani ɓangare na rayuwarsa wanda tarbiyyarka da addininka ba su karɓa ba, dokar ƙasa kuma ta hana, to daga nan me bakinka zai ce, me hannunka zai yi?

Kafin dogon bayani, ga na gaggawa. In akwai lambar wayarsa a rajista, kira shi gobe da kanka ka ce ya dawo. Kada ka aiki kowa, kada ka bar saƙo wurin wanda ya ɗauki wayar. Mugunya daga dubura ba basir ba ce, man shafawar da ka rubuta ba zai taɓa ta ba.

Ni ma na taɓa yin irin taka, kuma tawa ta fi muni, don a lokacin na riga na karɓi takardar shaida. A wani ƙaramin asibiti ne can arewa da Marwa. Wani ɗan kasuwa magidanci, mai mata biyu da gemu har ƙirji, ya yi ta zuwa mini yana kukan basir. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya sayi na masu mota da lasifika ranar kasuwa, ba sauƙi. Sau uku ina canza masa magani. A zuwa na huɗu wani tsohon nas, wanda ya fara aiki tun ban shiga firamare ba, ya tare ni a baranda ya ce, "Dakta, ka duba wurin kuwa?" Ban duba ba. Ina jin kunyar dattijo, shi ma yana jin kunyata, muka haɗu muka yi wata takwas muna yi wa sunan cuta magani. Da na sa ya kwanta na haska fitila, sai ga tsiron nan da muke kira zankon zakara a makaranta ya zagaye wurin. Gwajin sida, wato ƙanjamau, da aka yi masa ranar ya nuna yana ɗauke da ita. Na kalli gemu da carbi ne tun farko na yanke hukuncin cewa ba abin tambaya.

Inda rashin ƙarfin gwiwar yake fitowa

Ka ce abokanka ma haka za su yi. Na yarda, kuma ban ɗauke shi mugunta ba. Shekara bakwai ake yi a karatun likita a Kamaru. A cikinsu an sa ka lissafin maganin zazzaɓin cizon sauro har kana yi a mafarki, ka ɗinke fata, ka karɓi haihuwa, ka huda baya ka ɗebo ruwa don gwajin sanƙarau. Duk waɗannan hannunka ya yi rawa a karon farko, ya daina a karo na ashirin. Tambayar mutum yadda yake saduwa kuwa, sau nawa wani babba ya yi ta a gabanka kana kallo?

Ba mu kaɗai ba ne. A 2011 an buga wani bincike a kan makarantun likita na Amurka da Kanada, aka samu tsaka-tsakin lokacin da ake ware wa lafiyar irin waɗannan mutane a duk tsawon karatun awa 5 ne kacal. Wani kuma da aka buga a 2006 daga wata makarantar likita a Niyok ya nuna ɗaliban da suka fi yawan haɗuwa da irin waɗannan marasa lafiya su ne suka fi yin tambayar saduwa, suka kuma fi sanin cututtukan. Can ma ke nan, inda ba ɗauri, sabo ne yake sakin baki.

Mu kuma muna da wata matsala ta daban, wadda a ganina ita ce babba. Da Faransanci muka koyi likitanci. Sunayen gaɓoɓi a Faransanci suna fita daga bakinmu ba nauyi, don ba da harshen aka yi mana faɗa muna yara ba. Amma mai ciwon da ke gabanka a Garwa ko Gider da Fillanci ko Hausa zai yi maka magana, ko Larabcin Shuwa in ka matsa wajen Kuseri. Da ka juya zuwa harshen gida, sai ka tarar kalmomin da ke hannunka ko dai na zagi ne ko na wa'azi. "Ɗan luwaɗi" kalmar hukunci ce, "ɗan daudu" a bakin yawancin mutane ta ba'a ce, kuma ba wanda zai amsa "e" ga zagi. In ba ka jin harshen, tafintanka shi ne ƙanen mai ciwon ko kawunsa da ya biya kuɗin karne (ɗan littafin asibiti na mara lafiya), wato mutumin da ya fi kowa rashin dacewa ya ji amsar.

Sai abin da ake koya a zagayen safe. Wani babba ya ɗaga karne ya yi wata magana, kowa ya bushe da dariya, har da kai don kada a ga ka yi daban. Na taɓa ganin ɗan daudu mai sayar da abinci a tasha an kwantar da shi da tarin fuka. Masu aikin dare suna turo juna gadonsa kamar wurin kallo, ruwan da aka sa masa ya ƙare tun tsakar dare ba wanda ya canza. Kwana uku ya yi ya sulale da tarinsa ya koma tasha, inda yake zuba wa mutane miya. Ɗalibin da ya ga haka ya riga ya koyi cewa in ya nuna kulawa za a ce da walakin.

Addini da dokar ƙasa

Ni ba malami ba ne, fatawa ka kai ta wurin masu ita. Abin da zan iya gaya maka shi ne yadda na zauna da abin a raina shekara da shekaru ina salla ina aiki. Ba wanda ya ce ka canza abin da ka yi imani da shi. Amma dubi aikinka na kullum: kana zuƙe ruwa daga cikin mashayin bilbil da hantarsa ta lalace, kana ɗinke ɓarawon da aka sara, kana tsayar da jinin yarinyar da ta zubar da ciki a ɓoye. Wa ya taɓa cewa ka yi tarayya da su a abin da suka yi? Allurar da za ka yi wa saurayin nan ƙwayar cuta take kashewa, ba ta halatta komai. Kuma addinin da kake tsoron saɓa wa shi ne ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurati, shi ne ya zo da hadisin cewa wanda ya rufa wa musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa. Hukuncin kuwa mutumin ya san shi tun kafin ya zo, a ƙasa ɗaya kuka girma, wa'azi ɗaya kuka ji. Abin da bai sani ba shi ne me ke fitar masa da mugunya, kuma shi ya kawo shi wurinka.

Rantsuwar Janeba ta ƙungiyar likitocin duniya, wadda aka fara a 1948, ta lissafa abubuwan da ba za su shiga tsakanin likita da mara lafiya ba, kamar addini da ƙabila da siyasa, kuma tun gyaran 1994 aka sa har da jinsin da mutum yake sha'awa. Hukumar lafiya ta duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka ranar 17 ga Mayu 1990. Ma'anarsa a aikace, ba ka da maganin da za ka rubuta don "gyara" shi. Kada ka yi wa iyayensa alkawarin haka in sun roƙe ka, kuma za su roƙa.

Doka kuma. Sashe na 347-1 na kundin laifuffukan Kamaru na 2016 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 da tarar sefa 20,000 zuwa 200,000 ga wanda ya sadu da jinsinsa. A Cadi, sashe na 354 na kundin 2017 ya sa wata 3 zuwa shekara 2. Shi ya sa saurayin ya sunkuyar da kai. Amma laifin da dokar ta ambata saduwar ce, duba mara lafiya da ba shi magani ba sa ciki. Wanda ya shafe ka kai tsaye shi ne sashe na 310 na wannan kundin namu, wanda ya sa ɗauri ga mai tona asirin da ya sani ta hanyar aikinsa. Shirin yaƙi da sida na ƙasa ma da kansa ya lissafa mazan da ke saduwa da maza cikin rukunin da ake so gwaji da magani su kai gare su.

Akwai abin da za ka iya cin karo da shi wata rana: jandarma ya shigo da mutum da ankwa, ya ce a duba duburarsa a rubuta ko yana aikatawa. Kai ɗalibi ba huruminka ba ne, tura su wurin shugaban asibiti. Amma ka riƙe wannan don gaba. Gwajin ba shi da tushe a kimiyya. Daga rubutun wani likitan shari'a na Faransa mai suna Tardiyo ya samo asali a 1857, kuma ba wata siffar dubura da ke tabbatar da abin da ake nema. Ƙungiyar likitocin duniya ta yi Allah wadai da shi a 2017, ta ce kada likita ya sa hannu a ciki. In takarda ta zo daga kotu, wannan wurin lauya ne da majalisar likitoci ta ƙasa, ba ni ba. In kuwa yaro ƙarami aka kawo da rauni a wurin, fyaɗe ne, magana ce daban, kare yaron shi ne gaba da komai.

Yadda nake tambaya

Da farko a fitar da mai jinya, kuma a yi wa kowa haka don kada fitarwar ta zama alama. Nakan ce, "Baba, ɗan ba mu wuri zan duba shi," in rufe ƙofa, in zauna, don tambaya daga tsaye kamar tuhuma take. Sai in ce, "Malam, zan yi maka wasu tambayoyi masu nauyi. Kowa nake yi wa su, har limamai. Abin da ka faɗa a nan yake tsayawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ka ɓoye mini zan ba ka maganin da ba naka ba." Daga nan in tafi a hankali. Yaushe rabonka da saduwa? Da mutum nawa a wata ukun nan? Mata ne, ko maza, ko duka? Ukun nan da murya ɗaya nake faɗinsu, ba ɗaga gira, ba "subhanallahi", ba ajiye biro. Mai ciwo fuskarka yake karantawa kafin ya zaɓi amsa. In ya ce maza, tambaya ta gaba ita ce wadda ta ɓace maka ranar: ta baya ne ko ta baki, kuma kai kake yi ko kai ake yi wa? Amsar ce take gaya maka inda za ka duba. Sai kwaroron roba, sai ko an taɓa tilasta masa, sai ko akwai mata a gida.

Lura, ban tambaye shi shi wane ne ba. Abin da ya yi nake tambaya, don ta nan cuta take shiga. Yawancin mazan da na gani ba su da wani suna da suke kiran kansu, in ka matsa "harka" kawai za su ce. Kada kuma ka zuba kowa a kwando ɗaya. Ɗan daudu mai ɗaurin zane da karya murya yana iya zama mai mata da 'ya'ya wanda bai taɓa kusantar namiji ba, mai carbi kuma ka ji labarin nawa. Akwai wanda aka haifa namiji amma yake jin kansa mace har cikin ransa, ko akasin haka. Wannan ka tambayi sunan da yake so a kira shi, ka kira shi da shi a cikin ɗaki, ba abin da zai rage maka. Tambayi abin da yake sha, don wasu suna sayen ƙwayar tsarin iyali wurin masu tebur suna sha da yawa don nono ya fito, sinadarin da ke cikinta kuwa yana daskarar da jini a jijiya, balle ga mai shan taba. In ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ka tuna wannan.

Sai karne. A nan mara lafiya ne yake tafiya gida da karnensa, matarsa tana gani, ɗansa ɗan lise yana karantawa, mai farmasi yana buɗewa. Rubuta abin da ka gani da abin da ka bayar: kumburin dubura mai mugunya, allura kaza, ƙwaya kaza. Likitan da zai karanta bayanka zai gane. Ban taɓa rubuta yadda mutum yake saduwa a karne ba, kuma ban ga ranar da rashin rubutawar ya cutar da magani ba.

Abin da hannu zai yi

Gani ya kori ji. Sa shi ya kwanta a gefen hagu ya naɗe gwiwa, ka rufa masa zane, ka sa safar hannu, ka nemi fitila mai kyau, ka faɗa masa kowane abu kafin ka yi. Dubi gyambo, tsaga, tsiro, mugunya. Lalubi kaluluwa a matse-matsi. Dubi baki da maƙogwaro da tafin hannu da na ƙafa, don tunjere a matakinsa na biyu a nan yake fitar da ƙuraje marasa ƙaiƙayi. Ciwon dubura da mugunya da jin kamar bayan gida bai ƙare ba, ga wanda ake saduwa da shi ta baya, ciwon sanyi ne da kilamidiya, wata cutar saduwa mai kama da shi, har sai an tabbatar da wani abu. Tunda yawancin asibitocinmu ba gwajin da zai raba su, duka biyun ake yi wa magani lokaci ɗaya: allurar seftiriyakzon sau ɗaya, da doksisiklin miligiram 100 safe da dare kwana 7, a kai shi kwana 21 in akwai jini ko gyambo ko kaluluwa ta kumbura sosai. Awon allurar ka bi littafin ma'aikatar lafiya da ke sashenku. Sabon tunjere, allurar benzatin penisilin yunit miliyan 2.4 a ɗuwawu. Fitsari yana iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana zaune a dubura ko maƙogwaro.

Gwajin sida ka ba shi shawararsa a ranar, kada ka ce sai ya dawo. Ƙiyasin da masanan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka fitar a 2014 ya nuna a cikin saduwa 10,000 da mai ɗauke da cutar ba kariya, wanda ake yi wa ta baya yana kamuwa sau 138, mace ta gaba kuwa sau 8. Fatar dubura siririya ce, tana saurin tsagewa. Binciken ƙasa na 2017 zuwa 2018 ya samu kashi 3.7 cikin ɗari na manya a Kamaru suna ɗauke da cutar, a Garwa da Marwa da kewayensu adadin bai kai haka ba, amma binciken 2016 a cikin mazan da ke saduwa da maza a wasu biranen ƙasar ya samu kimanin ɗaya cikin biyar. Maganin kyauta ne tun 2007, yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma wanda yake sha har cutar ta daina bayyana a jini ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. In bai kamu ba akwai ƙwayar riga-kafi, in kuma haɗarin bai wuce awa 72 ba akwai maganin kwana 28. Faɗa masa man kaɗanya da bazilin suna lalata kwaroron roba. Kada ka manta ciwon hanta nau'in B, wanda a yankinmu ya fi sida yawa nesa ba kusa ba. A gwada kafin a fara maganin sida, don tenofobir da ke cikinsa yana danne ƙwayar hantar ma, in mutum ya daina sha farat ɗaya hantar tana iya tashi.

Matar gida ita ce wurin da ya fi ba ni wahala har yau. Tana da haƙƙin lafiyarta, shi yana da haƙƙin asirinsa. Nakan ce masa, "Cutar nan in ba a yi wa uwargida magani ba za ta dawo maka, kuma tana iya hana ta haihuwa. Kawo ta, ni zan yi bayani." In ta zo, sai in ce an samu ciwon sanyi a jikin maigida, ƙa'ida kuma a yi wa ma'aurata magani tare. Gaskiya ce, ban ƙara ba, ban yi ƙarya ba. In sida ce, sai na zauna da shi sau biyu, sau uku, tare da mai ba da shawara na sashen, har ya yarda a gwada ta. Ɗan kasuwan nan wata biyu muka yi kafin ya kawo matansa. Ɗaya ta kamu, ɗaya ba ta kamu ba. Har yanzu nakan lissafa wata takwas ɗin da na yi ina rubuta maganin basir.

Kafin ya tashi ka tambayi barcinsa, da cin abincinsa, da tiramol, da ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. Wanda ke ɗauke da asirin da zai iya raba shi da gida da kasuwa da sahun masallaci ba ya barci kamar ni da kai, wasu ma biyan masu yi musu barazanar tona asiri suke yi wata-wata. Mata masu maɗigo ba su cika faɗa ba, abin da aka fi mantawa a kansu kuma shi ne gwajin bakin mahaifa, wanda suke buƙata kamar kowace mace.

Jariri mata-maza

Ba ka kawo wannan ba, amma zai same ka a ɗakin haihuwa, kuma a nan kuskure yana kisa cikin mako biyu ko uku. Jaririn da al'aurarsa ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba halitta ce, ba ruwanta da abin da muka tattauna a sama, ko da yake mutane suna cuɗa su. Fiƙihunmu ya san shi da daɗewa da sunan hunsa. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan malamai daga Garwa har Kano, da mas'alarsa ya rufe, ya ba wanda ba a iya tantancewa ba rabin gadon namiji haɗe da rabin na mace. Nakan faɗa wa iyaye wannan, sai ka ga kafaɗar uban ta sauka, don ya ji abin yana cikin littafi.

A daren kada ka yi canka ka ce namiji ne ko mace don ungozoma da kaka sun matsa. Lalubi 'ya'yan maraina a jaka da matse-matsi. In ba ka ji ko ɗaya ba, ɗauka mace ce mai cutar ƙullin nan da ke saman ƙoda, wadda ke hana jiki yin sinadarin kotizol ya yi ta zuba na maza, har sai an tabbatar da akasin haka. Tana faruwa a kusan haihuwa 1 cikin 15,000, kuma yawancin masu tsananinta jikinsu yana zubar da gishiri. Jariri zai yi kamar lafiya lau, a yi suna, a ci rago, sai ya fara amai, ya ƙi nono, ya bushe, sodiyom ya faɗi, fotasiyom ya hau. In ba a sa ruwan gishiri da sukari da haidirokotizon, maganin da ke maye gurbin kotizol, ba a rasa shi, a ce iska ce. Don haka a riƙe shi kusa da asibiti, a riƙa auna gishirin jini da sukari, a duba ciki da na'ura a ga ko akwai mahaifa. Gaya wa iyaye da babbar murya kada askar wanzami ta kusanci wurin. Matsin da ya fi kowanne shi ne kwana bakwai na suna. Na taɓa roƙon wani liman ya yi wa dangi bayani a yi addu'a da yanka a ranar, a bar shelar suna sai sakamako ya fito, ya kuma yarda.

Iyakata ke nan. Gwajin ƙwayoyin halitta, da shawarar jinsin da za a reni yaron a kai, da ko a yi tiyata ko a jira ya girma ya sa baki, aikin ƙwararrun likitocin yara ne da na tiyata tare da iyaye, mu Yawunde muke turawa. Masana kansu sun saɓa a kan lokacin tiyatar. Ni ra'ayina, yankan da ba ya mayuwa ba a gaggauta shi in ba don ceton rai ba.

Mu koma kan ƙarfin gwiwarka. Samu abokinka ɗaya da ka yarda da shi, ku rufe ɗaki, shi ya zama mai ciwo, ka yi masa tambayoyin nan da Hausa, ka sake da Fillanci, har dariyar ta ƙare kalmomin su daina maƙale maka. Sannan ka yi su ga duk wanda ya zo da ciwon sanyi ko kukan basir a watan nan, mai gemu da marar gemu. Masu cewa kai ɗan hannu ne za su faɗa. Ni ma an faɗa a kaina, na amsa sau ɗaya cewa ina duba masu ciki ma amma ban taɓa haihuwa ba, ban ƙara tankawa ba.

In saurayin ya dawo kada ka tsaya dogon ban-haƙuri, zai ƙara masa kunya. Ce masa, "Na sake tunani a kan ciwonka, maganin da na ba ka bai isa ba, ina so in duba ka da kyau." Ka sanar da babban likitan da ke kanka ciwon da maganin da kake son bayarwa, tunda shi zai sa hannu, amma a ofishinsa da ƙofa a rufe. In wayar ba ta shiga ba, sake gwadawa bayan la'asar, lokacin da aka fara tashi daga kasuwa.